Jirgi ko Mota: Wanne Ya Fi Shan Mai a Tafiyar Kano zuwa Abuja da Legas?

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, duk mai shirin tafiya mai nisa a Najeriya ya koma yin lissafi kafin ya kama hanya, kuma da yawa suna ɗauka cewa jirgin sama ya fi mota shan mai a kowane hali, saboda girmansa da ƙarar injinsa. Gaskiyar maganar ita ce, abin da ke raba gardama shi ne yawan mutanen da suka raba man a tsakaninsu, domin ba a auna man tafiya da abin da inji ya sha gaba ɗaya, ana auna shi ne da rabon da ya faɗa kan kowane fasinja.

Mu ɗauki hanyar Kano zuwa Abuja ta Zariya da Kaduna, wadda ta kai kilomita 430 ko kusa da haka. Ƙaramar mota irin Corolla mai lafiyayyen inji tana shan lita 7 zuwa 8 a kowace kilomita 100 a kan babbar hanya, wato kimanin lita 34 ke nan kafin a shiga Abuja. Jirgi kuwa yana bi ta sama kai tsaye, nisan kimanin kilomita 360 ne, amma jirgi irin Boeing 737 zai iya ƙona fiye da lita 2,500 na man jirgi a wannan 'yar gajeriyar tafiya. Idan akwai fasinja 150 a ciki, rabon kowa ya kama lita 17 zuwa 18.

To ga inda lissafin ya nuna kansa. Mutumin da ya tuka motarsa shi kaɗai ya sha ninkin abin da fasinjan jirgi ya sha. Idan su biyu ne, sun yi kunnen doki da jirgin. Magidancin da ya ɗauki uwargida da yara biyu kuwa, rabon kowannensu bai kai lita 9 ba, wato rabin na jirgi. Wannan ne ya sa nake ganin babu dalilin mai da zai sa iyali su bar motarsu a gida a tafiyar Abuja, sai dai idan akwai wani dalilin daban, kamar rashin lafiya ko fargabar tsaron hanya, wanda shi kuma ba a auna shi da lita.

Dalilin da ya sa jirgi ke shan kaye a gajeriyar tafiya yana cikin yadda yake aiki. Wurin tashi da hawa sama ne injinan ke aiki da dukkan ƙarfinsu, suna ɗaga nauyin tan 60 zuwa 70, kuma sai jirgin ya kai can sama inda iska ba ta da kauri sannan shan mansa yake sauka. A tafiyar Kano zuwa Abuja, wadda ba ta cika wuce awa guda ba, da ƙyar yake daidaita a sama kafin ya fara shirin sauka, saboda haka man tashin ya rabu a kan 'yan kilomitoci kaɗan. Ga kuma man da yake ƙonawa a ƙasa yana jiran izinin tashi. Sannan kada a manta filin jirgin Nnamdi Azikiwe yana da nisan kusan kilomita 40 daga tsakiyar Abuja, kuma motar da za ta kai mutum gari ita ma mai take sha.

A tafiyar Legas lissafin yana juyawa zuwa wajen jirgi. Ta ƙasa hanyar ta kai kilomita 1,000, wato lita 80 a wannan motar, ban da cunkoso da ramuka da ke tilasta wa direba taka birki da sake ba da wuta. Ta sama nisan kimanin kilomita 830 ne, kuma rabon fasinja a jirgin da ya kusa cika yana kaiwa lita 30. Sai mutum uku sun shiga motar kafin ta kamo jirgin, ga kuɗin kwana a hanya da baƙin mai da cin taya. Ga matafiyi ɗaya ko biyu, jirgi ne ya fi tattalin mai zuwa Legas.

Duk da haka, motar haya ta tasha ta fi su duka. Bas irin Hiace da ta ɗauki mutum 14 ko fiye, ko babbar bas mai kujeru 50, rabon fasinja a cikinta yana tsayawa kusan lita ɗaya a kowace kilomita 100, abin da babu jirgin fasinja da ya kama ƙafarsa.

Wanda ya zaɓi motarsa yana da ikon rage abin da za ta sha. Taya mara isasshiyar iska, da kayan da aka ɗaure a saman mota, da gudun da ya haura kilomita 110 a awa, duk suna ƙara shan mai sosai. Wanda ya zaɓi jirgi kuma ya sani cewa kuɗin tikiti ba ya bin litar da aka ƙona kaɗai, domin a cikinsa akwai haraji da kuɗin filin jirgi da gyaran da ake biya da dala, shi ya sa tikitin Abuja kan fi kuɗin lita 18 na mai nesa ba kusa ba. Saboda haka kafin yanke shawara, a ƙirga masu tafiyar, a raba litocin motar a kansu, sannan a ajiye jimillar kuɗin kusa da farashin tikitin ranar.