Hattara da Masu "Cire Tsutsar Haƙori" a Kasuwannin Gombe

Jama'ar Gombe da kewaye, a yi hattara da wasu mutane da ke yawo da ƙaramar mota da lasifika suna cewa suna cire tsutsa daga haƙori. Ana ganinsu a bakin tashoshin mota a cikin gari, ranar kasuwa kuma su nufi Kumo ko Dukku ko Bajoga. Ba sa daɗewa wuri guda, kuma lambar wayar da ke jikin kwalbarsu ba ta cika shiga ba bayan sun tashi. Damfara ce tsagwaronta, kuma ba kuɗi kaɗai take ci ba, tana iya cin rai.

Ga yadda suke yi. Za a zaunar da mai ciwo a kan benci, a kawo kasko da garwashi, a barbaɗa wasu 'ya'yan itace da ɗan mai, a kifa mazurari, a ce ya buɗe baki hayaƙi ya shiga. A ƙasa akwai kwano da ruwa. Can sai ka ga wasu farare-farare sirara suna yawo a ruwan, mai maganin ya ɗaga kwanon yana zagayawa da shi: "Jama'a ku gane wa idonku! Baba, ka ga abin da ke hana ka barci?" Kowa ya ɗauki salati. To, ba tsutsa ba ce. 'Ya'yan wasu tsirrai dangin gauta, in suka ji wuta, fashewa suke yi, ɗan farin tsiron da ke cikinsu ya fito a lanƙwashe. Ko ba bakin kowa a wurin, haka za su faɗo. Wasu kuma tsutsar gaske suke ɓoyewa cikin auduga tun daga gida.

Babu tsutsa a haƙori. Abin da ke cin haƙori ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani. Suna rayuwa da ragowar suga da abincin da ya maƙale, suna fitar da tsami mai narkar da ɓawon haƙori sannu a hankali har ya yi kogo. In kogon ya kai ga jijiyar da ke tsakiya, nan ne mutum yake kwana a zaune.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne kwalbar da suke sayarwa bayan hayaƙin. Ba lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ba bayanin abin da ke ciki, ba ranar lalacewa. Wata maƙwabciyarmu, mai sayar da ƙosai, ta saya ta ɗiga a auduga ta cusa a kogon kamar yadda aka ce mata. Dasashinta ya yi fari fat, fatar wurin ta saluɓe, amma ciwon ya ɗauke, har tana sa wa mutumin albarka. Bayan 'yan makonni sai ƙasan haɓarta ya kumbura ya yi tauri, zazzaɓi ya rufe ta, ko kunu ba ya wucewa, yawu na dalala. Da 'yarta ta kira ni na same ta zaune ta miƙe wuya gaba tana jan numfashi da ƙyar. Na ce, "Inna, ba za mu jira gari ya waye ba." A asibiti sai da aka tsaga aka fitar da mugunya, aka cire haƙorin, ta yi kwanaki a kwance ana ƙarin ruwa da allurai. Allah Ya sa da sauran kwana.

Mutane da yawa ba su san wannan ba: ɗaukewar ciwon haƙori ba warkewa ba ce. Jijiyar na iya mutuwa, zafin ya tafi, cutar kuma ta ci gaba da gangarawa saiwa, ta tara mugunya a ƙashi. In turmin haƙori na ƙasa ne, kumburin kan bi ƙarƙashin harshe ya danne hanyar numfashi. Wannan ratar da ke tsakanin lafawar ciwo da tashin kumburi ita ce jarin waɗannan mutane, domin kafin abin ya fashe sun kai wata jihar.

Sun kuma gano wata sabuwar kasuwa, wato masu jin muƙamuƙinsu na ƙara ƙas-ƙas in suna tauna ko hamma. Sai su ce tsutsa ce ta kai ga ƙashi, ko sanyi ne ya kama gaɓa, su haɗa ka da man shafawa da garin sha na wata guda. Gaskiyar magana, a gaban kunne akwai gaɓar da ta haɗa muƙamuƙi da ƙoƙon kai, da ɗan faifan guringuntsi a tsakani. In faifan ya ɗan goce ya koma mazauninsa, shi ne ƙarar da ake ji. Mutane da dama suna da ita, kuma in ba zafi, baki na buɗuwa yadda ya kamata, yawanci ba ta buƙatar magani ko kaɗan. Cizon haƙora cikin barci, yawan damuwa, taunar cingam, tauna da ɓari guda saboda ɗaya ɓarin na ciwo, duk suna ƙara ta. A ɗaga wa taunar ƙashi da busasshiyar aya da rake ƙafa na ɗan lokaci, a riƙa gasa wurin da tsumma mai ɗumi. Amma in akwai zafi, ko bakin yana maƙalewa a buɗe ko a rufe, ko yatsu 3 a jere ba sa shiga tsakanin haƙoran gaba, ko an sha bugu a fuska, to sai likitan haƙori.

Na san abin da ke tura mutane hannunsu. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, ga tsoron kuɗin asibiti, ga ƙaryar da suke yaɗawa cewa cire haƙorin sama na kashe ido. Ba ya kashewa. Kuma ba kowane haƙori ake cirewa ba. In an zo da wuri ciko ake yi, a koma gida da shi. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe yana da sashen haƙori, haka ma Asibitin Ƙwararru na jiha. Ciwon da ya wuce kwana 2, ko mai tashin mutum cikin dare, ko ƙurji a dasashi, a je a duba. Kafin a samu zuwa, farasitamol bisa ƙa'ida da kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi sun wadatar. Kanumfari na rage zafi na ɗan lokaci, amma ba ya toshe kogo. Kada a ɗora asfirin a dasashi, kada a kusanci ruwan batir ko fetur, ƙona nama suke yi.

Kumburin fuska da zazzaɓi, kumburin da ya doshi ido ko wuya, wahalar haɗiya ko numfashi, waɗannan na sashen gaggawa ne ko da tsakar dare, musamman ga mai ciwon suga, mai juna biyu da ƙaramin yaro. Ciwon muƙamuƙin da ya zo da nauyin ƙirji da zufa ma haka, don yana iya zama daga zuciya.

Ina roƙon sarakunan kasuwa da shugabannin tasha su daina ba su wurin kafa lasifika. Wanda kuma ya riga ya yi amfani da kwalbar, ko da ciwon ya lafa, ya je a ɗauki hoton haƙorin, ya tafi da kwalbar a hannu ya nuna wa likita.