Proteinase K ta gari da na saya don furojet ɗina, wallahi ta fitar da ni kunya

Salam ƴan uwa masu aikin leb. Wata huɗu kenan ina amfani da Proteinase K, wato inzayim (sinadarin da halittu ke fitarwa) mai narkar da furotin, ta gari irin hoda, ƴar ƙaramar kwalba mai 100 mg, na ga ya kamata in faɗa muku yadda muka kwashe da ita, musamman masu fama da inzayim ɗin fumfuna irina.

Aikina dai shi ne na shuka wata fumfuna mai suna Aspergillus niger a kan dusar alkama, na tace inzayim ɗin da take fitarwa mai narkar da furotin, to sufabaiza ya ce dole in samo wanda aka riga aka san halinsa in riƙa kwatantawa, in ba haka ba duk lambar da na samu ba ni da abin dafawa. Shi ya sa na zaɓi wannan, don ita ma daga fumfuna take, Tritirachium album, tun 1974 aka gano ta, kuma K ɗin nan daga keratin yake, wato furotin ɗin da ke cikin gashi, saboda har gashi tana iya ci.

A faranti mai madarar da aka cire wa mai, kafin gari ya waye ta zagaye ramin da na zuba ta da fili tas, alamar ta narkar da furotin ɗin madarar. Da na gudu jel ɗin SDS-PAGE, wato gwajin da ke ware furotin bisa nauyinsu, layi ɗaya ya fito wajen 29 kDa (ma'aunin nauyin furotin), daidai nauyin da aka san ta da shi, babu wani datti kusa da shi, nan ne hankalina ya kwanta cewa ba jabu aka sayar min ba. Na sa mata PMSF, sinadarin da ke tsayar da inzayim ƴan gidan serine (rukunin da take ciki), ta mutu murus kamar yadda ake tsammani, na sa EDTA mai kame sinadarai irin su calcium ta ci gaba da aikinta. Abin da ya fi burge ni shi ne juriyarta, a pH 8 da zafin digiri 55 tana cin casein (furotin ɗin madara) ba ji ba gani, ko SDS, sinadari mai kama da sabulu da ke warware furotin, bai hana ta ba, alhali nawa inzayim ɗin da zafi ya ɗan hau sai ya fara sanyi. Da ba don ita ba da na ɗauka riyajen ɗina, wato sinadaran gwaji, ne suka lalace.

Matsalarta tsada, gaskiya aljihun ɗalibi yana ji a jikinsa, mu uku muka yi karo-karo. Sannan ku sayi ta gari, kar ku sayi ta ruwa, don wutarmu ba tabbas. Ni na yi kuskure na narkar da kasona gaba ɗaya a tub ɗaya, aka ɗauke wuta kwana biyu firiza ta narke, daga baya na ga ƙarfinta ya ragu. Yanzu kaɗan nake haɗawa, 20 mg a kowane ml, in ɗiga mata calcium chloride don kar ta ci kanta, in rarraba a ƙananan tub in ajiye a firiza a sanyin digiri -20.

In kuɗin bincike ya fito zan sake sayenta, wannan karon ni kaɗai.