Allon santsi da kafinta ya haɗa min a Sabon Gari, ga yadda na same shi

Masu tambayata a kan allon santsin nan da nake atisayen zamewa gefe zuwa gefe da shi a gida, to ga bayanin. Mu da muke buga hoki da takalmin taya a Zariya kowa ya san matsalarmu, filin ƙanƙara dai babu shi, kwalta mai laushi ma sai ka nema, in damina ta sauka kuma sai zaman gida. Shi ya sa na je wajen 'yan katako a Sabon Gari na samu wani kafinta na nuna masa hoton abin a waya na ce ya haɗa min.

Filawud ne mai kauri, irin wanda ake sayarwa ƙafa 8 tsawo ƙafa 4 faɗi, ya tsaga shi gida biyu a tsaye faɗin ya koma ƙafa 2, ya manna masa fomaika da Evo-Stik, sannan ya ɗaura guntun katako a kowane ƙarshe inda ƙafa za ta tokare. Kana sa kambas ɗinka, ka ɗora tsohuwar safa a kai, ka barbaɗa 'yar hoda, shi ke nan sai zamewa daga wannan gefe zuwa wancan.

Gaskiya yana aiki, wallahi yana aiki. Gudu a kan ƙanƙara ko a kan taya ba irin gudun ƙwallo ba ne da kake tura ƙasa baya, shi gefe kake turawa, gwiwa a lanƙwashe, ƙugu a ƙasa, kuma tsokar da take wannan aikin ita ce ta ɗuwawu da ta cikin cinya wajen matsematsi, wadda 'yan hokin ƙanƙara suke yawan jin ciwo a wurin. Duk gudun safe da za ka yi a Samaru ba zai taɓa maka ita yadda allon nan yake taɓawa ba. Minti ɗaya a kai cinya ta fara zafi kamar an zuba barkono. Kuma ba ya rufa wa kowa asiri, in ka miƙe tsaye ko ka tura da ɗan yatsa kawai ba za ka kai ɗaya gefen ba, a tsakiya za ka tsaya. Eric Heiden, ɗan Amurkan da ya ci zinare 5 a tseren ƙanƙara a gasar Olamfik ta Lake Placid a 1980, da irin wannan allo yake atisaye in ba ya kan ƙanƙara, to ka ga ba wasan yara ba ne. Da na koma kan taya na ji bambanci, ƙafata ta hagu da take raggon turi yanzu tana kaiwa ƙarshe.

Inda aikin ya gaza shi ne matokaran nan. Ƙusa kafintan ya buga musu, alhali duk nauyin mutum a nan yake sauka, ba a jima ba na dama ya fara girgiza, kuma da yake fuskarsa a miƙe take gefen ƙafa yana bugawa har idon sawu ya amsa. Na mayar masa, bai yi gardama ba Allah ya saka, ya huda ya sa noti mai dogon kai ta ƙasa, ya fere fuskar katakon ta ɗan kwanta, ya liƙa robar tsohon silifas. Tun daga nan lafiya lau. In za ka ba da a yi maka dan Allah ka faɗi wannan tun farko.

Sai ƙura. Da hunturu in ba ka goge da tsumma kafin ka hau ba yashi zai karce fomaikar santsin ya tafi, kuma kada ka bar shi a rana don gam ɗin yana saki bakin ya ɗago, ni a bayan ƙofa nake jingine nawa na rufe da tsohon zani. A kan siminti kuma yana ja da baya in ka tura da ƙarfi, sai na shimfiɗa masa ledar ɗaki a ƙasa.

Ba zai koya maka birki ba, ba zai koya maka kwana ko gicciya ƙafa ba, waɗannan sai a kan taya. Amma wajen ƙarfin turi da saba wa jiki zama ƙasa na gamsu ƙwarai. Ga yaro ko gajeren mutum ƙafa 8 ta yi yawa, a huda ramukan noti na biyu wajen ƙafa 6 don a riƙa matso da matokarin. Rabin filawud ɗin da ya rage ma wani abokin wasanmu na Tudun Wada ya karɓa, nasa allon yana wajen kafintan yanzu.