Kinect ko tabarma mai jin taku?

Zanen da ke amsa motsin mai kallo ya aro ƙa'ida daga masu tsara manhajar kwamfuta: amsa ta zo cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, in ta makara sai mutum ya lura da jinkirin. Kinect da tabarma mai jin taku hanyoyi biyu ne da irin wannan zanen ke gane motsin mai kallo.

Kinect, kyamara mai gane motsin jiki wadda Microsoft ta fitar a 2010, tana ɗaukar hoto 30 a daƙiƙa, tana bin hannu da kai har nisan kusan mita 4. Sai dai hasken rana yana makantar da ita, kuma in wani ya kare wani, takan rikice.

Tabarmar da aka jona da Arduino (wani ƙaramin allon lantarki da ake sarrafa na'urori da shi) kuwa, inda ƙafa ta taka kawai ta sani. Ba ruwanta da rana, amma yawan taku yakan tsinka wayarta. A filin waje, tabarmar ta fi.