Kayan tambarin kanti da kayan sanannen kamfani

A manyan kantunan Turai da Amurka, mai saye yakan tarar da madara iri biyu a jere: ta sanannen kamfani kamar Nido, da wadda kantin ya sa wata masana'anta ta yi masa, ya buga mata tambarinsa. Carrefour ta Faransa ta shiga wannan harka a 1976, Costco ta Amurka ta fito da nata tambarin mai suna Kirkland Signature a 1995, Aldi ta Jamus kuwa akasarin kayanta masu tambarinta ne.

Kayan kanti sun fi araha domin ba a kashe musu kuɗin talla mai yawa, ribar kantin kuma ta fi tsoka, sannan wanda ya saba da su dole ya koma can tunda ba a samunsu a wani wuri. Sai dai idan gwangwani ya zo da matsala, sunan kantin ne zai ɓaci.

Sanannen tambari ya fi tsada, amma ko'ina aka je an san shi, abin da a ganina ya fi dacewa da Damagaram, inda babu kanti mai rassa barkatai. A Kasuwar Dole uwargida takan duba launin takardar Maggi kafin ta miƙa kuɗi, madarar da aka ƙulla a leda kuwa sai a wurin mai shagon da ta amince da mudunsa take saye.