Hattara da mai sayar da muciyar Sikotland ta bogi

Fam 48. Muciya uku, fam 48, kuma ko ɗaya ba ta kai a sa ta a tukunya ba. Jama'ar da ke zaune a Birtaniya, akwai wani shafi a intanet da ke tallar spurtle, muciyar da mutanen Sikotland ke dama kunun oat da ita, wai sassaƙar hannu ce daga itacen beech. Ƙarya ce.

Kada wani ya ce min rashin sanin kaya ne. Ta ainihi sanda ce guda ɗaya, siririya, tsawonta kusan santimita 30, an gurje ta sumul, kanta sau da yawa da siffar furen ƙayar nan da ke tambarin ƙasarsu. Ba ta da faɗin cokali, shi ya sa take ratsa kunu ba ta jan shi, gudaji ba ya samun wurin taruwa. Itace mai tauri ake sa wa, a shafe shi da man da ba ya cutarwa a abinci. Hotunan mai shafin haka suka nuna tsaf. Har gasar dama kunu ta Golden Spurtle da ake yi a ƙauyen Carrbridge na Sikotland tun 1994 ya ambato, ya ce nasa irin na masu gasar ne. Wa zai yi zargi?

Abin da ya iso kuwa itace ne mai laushi, farce ma yana lotsa shi, yana warin ƙaro. An rina shi, aka bi da fenti mai sheƙi. Kan daban aka sassaƙa, aka liƙa da gam. Minti biyar a kunu mai zafi gam ya saki, rini ya zuba, kunun ya koma ruwan ƙasa. Fam 48!

Tun kafin nan ma ya ce na'urar karɓar katinsa ta lalace, a tura ta banki kai tsaye. Da ladabi ya faɗa, har da cire kuɗin aike. Nan ne dabarar take, don kuɗin da aka tura haka ya fi na kati wuyar dawowa. Yanzu ya toshe ni, ya sauya sunan shafin. Hotunan hirarmu da na rasit suna nan, zan ɗora su anjima.

Ku biya da kati. In ta iso, ku tsoma ta a ruwan zafi ku goga da farin ƙyalle. In ya kama launi, kada ta shiga tukunya.