Keken burji a bakin kogin Luwar: amsa ga ƙanena

Ƙanena, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Inna da sauran mutanen gida. Saƙonka ya iso. Ka ga hoton da na turo ina riƙe da keke a gaban wani farin gidan sarauta, ka ce in daure in aiko maka da irinsa, tun da kullum kana kan hanya tsakanin Damagaram da Mirriya, kuɗin mota kuma ya ishe ka. Kwana uku ina juya maganar. Kafin in ba ka amsa, gara ka ji yadda abin yake a nan Faransa, ka kuma karanta wa abokanka da suka dame ka da tambaya.

Mutanen nan garabel suke ce wa wannan keke, wato tsakuwa. Da Hausa sai mu ce keken burji, domin an ƙera shi ne don hanyar da ba ta da kwalta. Kansa a lanƙwashe yake kamar ƙahon rago, irin na keken tsere, amma tayoyinsa sun fi kauri. Nawa faɗinsu milimita 40. Birkinsa na faifai ne kamar na babur, giya 11 a baya, nauyinsa duka bai wuce kilo 11 ba. Da hannu ɗaya nake hawa da shi bene na uku. Tsohon Phoenix ɗin Baba kuwa ka san sai mun haɗa hannu muke tsallakar da shi dokin ƙofa. Sai dai tsirara ake sayar da shi: ba kariya ta ɗaukar kaya, ba murfin taya, ba ƙafar tsayawa. Kowanne sai ka saya daban.

Sabo a manyan kantuna irin su Decathlon da wuya ka samu ƙasa da yuro 600 ko 700, na gogaggun mahaya kuma yana haura 3,000. Yuro ɗaya sefa 656 ne, sai ka lissafa. Ni na hannu na saya ta Leboncoin, inda mutane suke tallar kayansu a intanet, wurin wani dattijo da ciwon gwiwa ya hana shi hawa. Yuro 450 na ba shi, kusan jika 300. Abin da ya burge ni shi ne ya fito da rasit na asali ya miƙa mini. Tun farkon 2021 doka ta ce duk sabon keken da kanti ya sayar sai an buga masa lamba, an rubuta sunan mai shi a rajistar ƙasa, shi ya sa a zaune a falonsa muka mayar da lambar sunana ta waya. Sabon kaya kuma doka ta ba shi lamuni na shekara biyu, in ya lalace ba da laifinka ba ka mayar. Wannan ina so a ce muna da shi a gida. Satar keke dai akwai ta sosai a nan Tur, garin da nake zaune, makullin ƙarfe kaɗai ya ci mini yuro 40.

Amma ƙanena, daɗin da ka gani a fuskata a hoton nan, rabinsa ba na keken ba ne, na hanya ne. Akwai hanyar keke da ta bi kogin Luwar tun daga kusa da garin Neber har bakin teku, kilomita wajen 900, kusan nisan Yamai da Damagaram. Wani wuri kwalta ce, wani wuri farar tsakuwa da aka daddaɓe, wani wuri kan tudun da aka yi don tare ambaliya. Duk mararraba akwai ƙaramin allo fari da kore mai hoton keke, da sunan gari na gaba da nisansa. Inda hanyar ta haɗu da ta mota, doka ta wajabta wa direba ya ba ka tazarar mita ɗaya da rabi a bayan gari, mita ɗaya a cikin gari, kuma yawancinsu suna bi. Na sha jin mota tana tafiya a hankali a bayana, ba ham ba zagi, har sai ta samu sarari ta wuce. Ga kuma ƙananan hanyoyin gona da na daji da suka fita daga babbar, su ne ainihin abin da masu keken burji suke nema.

Bari in ba ka labarin Asabar ɗin da aka ɗauki hoton. Na fita daga Tur bayan sallar asuba, na bi ta gonakin inabi na Monluwi, hazo yana kwance a kan kogi. Duwatsun yankin fari ne mai taushi, da shi aka gina gidajen sarautar, ramukan da aka haƙo shi kuma mutane suka mayar da su ɗakuna da rumbuna. Sai ka ga ƙofa da taga a jikin dutse, hayaƙi yana fita ta cikin ciyawa a sama. Kafin hantsi na isa Ambuwaz, inda fadar take a kan tudu tana kallon kogi. A garin nan ne shahararren mai zane Leonardo da Vinci ya rasu a 1519, bayan Sarki Faransuwa na Ɗaya ya gayyato shi daga Italiya. Daga nan na shiga dajin Ambuwaz, hanyar ƙasa miƙaƙƙiya tsakanin dogayen itatuwa, ba ka jin komai sai ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya.

A cikin dajin ne wani abu ya soki tayar gaba. Na ji fiii, na ga farin ruwa kamar madara yana fesowa a ƙafata. Tayoyin ba su da tub, wani ruwan roba ake ɗurawa a ciki. Na tsaya, na juya tayar hujin ya koma ƙasa, na jira kamar minti ɗaya, ruwan ya daskare ya toshe wurin. Na ƙara iska da ɗan famfon aljihu na ci gaba. Nan take na tuna da tsidau na hanyar gonarmu, da yawan ranakun da muka turo keke a ƙasa cikin rana. Na ce a raina, wannan ruwa da mu ya dace. Sai dai yana bushewa bayan 'yan watanni, a zafin bazarar Damagaram kuma zai fi saurin bushewa, ga shi ba kowane kasko da taya ne suke karɓarsa ba.

Gidan da ke cikin hoton shi ne Shenonso. A kan kogin Sher aka gina shi, kamar gada mai ɗakuna, ruwa yana wucewa ta ƙarƙashi. Dogon zaurensa ya kai mita 60. A yaƙin duniya na farko asibiti aka mayar da shi, a na biyu kuma kogin ne iyaka tsakanin yankin da Jamusawa suka mamaye da wanda ba su mamaye ba, har mutane suka riƙa tserewa ta cikin zauren, su shiga ta wannan ƙofa su fita ta waccan. Kuɗin shiga ya kusa yuro 20, amma daga ɗaya gaɓar kogin, a kan hanyar ƙasa, kana ganinsa kyauta. Wata ranar kuma na sa keken a jirgin ƙasa zuwa Buluwa, ban biya masa ko sisi ba, na taka zuwa Shambor, wani gidan sarautar. Wannan an fara gina shi a 1519, ɗakuna fiye da 400, katangar da ta kewaye dajinsa kilomita 32, sarkin da ya sa aka gina kuwa duk kwanakin da ya yi a ciki ba su kai wata uku ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne magina da na gani a kan tsani suna cire dutsen da ya zaizaye suna sa sabo. Kullum cikin gyara ake. Na tuna da ganuwar Birni ta Damagaram da abin da ya rage daga cikinta, raina ya sosu.

To, ga inda gida ya fi. A nan kaya suna da yawa, hannu ne babu. Watan jiya wani ɗan ƙarfe da ke riƙe da giyar baya ya lanƙwashe. Na kai wani shagon gyara a unguwarmu, mai shagon ko taɓa keken bai yi ba, ya duba kwamfuta ya ce in dawo bayan mako uku. Ƙarfen kuma kowane irin keke da nasa, sai an yi odarsa. Facin taya kaɗai a irin shagunan nan yana kai yuro 15, kusan jika 10. Ka tuna mai facin bakin kasuwa a gindin bedi, da kwanon ruwansa da guntun tub da gam? Kafin ka shanye shayi ya gama, in ba ka da kuɗi ya ce ka kawo gobe, abin da babu shi a kasuwa kuma ya ƙera maka da guduma. Wallahi irinsa ɗaya da zai zo nan, da layi zai hana shi cin abinci. Abin da ya cece ni shi ne wani wurin gyara na ƙungiya, inda kake biyan kuɗi kaɗan a shekara, su ba ka kayan aiki, wani ya tsaya a kanka yana nuna maka kana gyarawa da hannunka. A can na koyi ɗaure sifoki.

Ƙauyukan ma haka. Kyau kam ba a magana: furanni a taga, coci a tsakiya, ko leda ɗaya ba ka gani a ƙasa. Amma sai ka ratsa ƙauye tun daga farkonsa har ƙarshensa ba ka ga mutum uku ba. Da rana tsaka shaguna a rufe, ranar Lahadi da yamma da Litinin da yawa ba sa buɗewa, wani ƙauyen ma ba shagon, sai injin sayar da burodi a bakin hanya. Ba mai ƙosai, ba mai fura, ba randa a ƙofar gida. Abincin da aka fi sayarwa matafiya kuma yawanci akwai naman alade a ciki, don haka guzurina burodi ne da cukun akuya na yankin da dabino. Ruwa kuwa wani mahayi ne ya koya mini dabara: kusan kowace maƙabartar ƙauye tana da famfo a bakin ƙofa don masu ban ruwan furanni. In ba a rubuta cewa ba na sha ba ne, nan ake cika gora. A irin wannan famfon na yi alwala ranar nan, na koma bakin kogi na shimfiɗa rigata na yi azahar. Wata tsohuwa mai yawo da kare ta ja igiyarsa ta kauce ta bayana, da na sallame ta gaishe ni da murmushi. Mutanen kirki ne, kowa dai yana cikin gidansa.

Yanzu ga amsarka. Ba zan aiko maka da irin wannan keke ba, kuma ba rowa ba ce. Kuɗin dakonsa kaɗai zai sayi keke a can. Ranar da takalmin birkinsa ya cinye ko sarƙarsa ta tsinke, babu irinsu a kasuwar Dole, sai ya zama kayan ado a zaure. Tayarsa ba ta son yashi mai zurfi, ba kuma zai ɗaukar maka buhun hatsi ko jarka biyu ba. Zan turo maka kuɗi ƙarshen wata, ka je da mai facin nan ya zaɓar maka keke mai ƙarfi wanda kayansa suke ko'ina. Daga nan kuma, in wani zai zo gida, zan ba shi abin da na tabbatar ya fi namu: tayoyi biyu masu shimfiɗar roba a ciki da ƙaya ba ta cika hudawa ba, fitilar gaba da ta baya masu caji, famfo, da makulli.

Idan ka saya, ka duba gefen tayar ka turo mini lambar da ke rubuce. Akwai mai 622, akwai mai 635 irin ta tsofaffin kekuna. Dukansu inci 28 ake ce musu, amma ɗaya ba ta shiga kaskon ɗaya. Ka ɗauki hoton lambar da kyau, kada ka karanta mini da baki. Ka gaida Inna, ka ce mata sanyi bai fara ba tukuna, kuma ina cin abinci.